HUKUNCIN GASAR ILMIN KWAMFUTA TSAKANIN 'YAN MAKARANTA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, wadansu iyaye a ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sukan yi ɗari-ɗari idan aka ce za a tura 'ya'yansu gasar sarrafa kwamfuta, musamman idan an sa kyautar kuɗi. Tsoronsu shi ne kada abin ya zama caca. Wannan tsoro na mai kishin addini ne, ya kuwa cancanci amsa.

Da farko, Imam Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa likitanci da hisabi cikin farillan kifaya, watau ilmin da idan gari duka ya rasa mai shi, kowa ya yi laifi. Ilmin kwamfuta reshen hisabi ne. Kalmar da masana suke kiran ƙa'idojin aikinta da ita ma daga sunan Alkawarizmi aka samo ta, malamin Musulmi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9.

Game da gasa kuwa, ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya sukuwar dawaki a Madina, ya kuma yarda da kyauta a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya. Malikiyya sun tsayar da kyauta a kan waɗannan uku. Malaman Hanafiyya da Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun shigar da gasar ilmi, domin ita ma ƙarfi ce ga al'umma. A kan wannan fahimta musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa take gudana tun 1986, lokacin da Jami'ar Sakkwato ta fara ta.

Amma akwai sharuɗɗa. Na ɗaya, kyautar ta fito daga hannun wani dabam, hukuma ko makaranta ko attajiri. Idan yara suka tara kuɗi, wanda ya ci ya kwashe, to, wannan ita ce caca. Na biyu, kada malami ya yi wa almajirinsa aikin a ɓoye, gama hadisin Muslim ya kore mai algus daga sahun Manzo. Na uku, alƙalai su yi adalci, a kiyaye lokacin salla da mutuncin 'yan mata.

Lamarin ba na wasa ba ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta. Yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba yana iya faɗuwa alhali ya san amsa. Har ila yau, a watan Satumba 2021 rashin tsaro ya sa aka rufe makarantu aka katse layukan waya a Zamfara, karatun yara ya ƙara komawa baya.

Ga shi kuwa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tana Ƙaura tun 1983. Abin takaici ne ɗan Zurmi ko Shinkafi ya rasa shiga makarantar da ke ƙofar gidansu don rashin horo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mawadacin da ya sayi kwamfuta ya ba makaranta, ko ya ɗauki nauyin kyautar gasa da kyakkyawar niyya, ana fata ya sami ladan sadaka mai gudana.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.