Tsara Wayoyin Fitilar Gaba Yayin Ɗaura wa Babur Garkuwar Iska

Garkuwar iska ita ce rufin roba mai tauri da ake ɗaurawa a gaban babur domin ya karkatar da iska daga ƙirjin mahayi, kuma ta samu karɓuwa ne a shekarun 1970, lokacin da kamfanin BMW na Jamus ya fitar da R90S mai ƙaramar garkuwa a 1973, ya biyo da R100RS mai cikakkiyar garkuwa a 1976, yayin da a Amurka Craig Vetter ke sayar da samfurin Windjammer ga waɗanda baburansu ba su zo da ita ba. Aikin da ke kawo babur gareji bayan an ɗaura masa garkuwa kuwa ba kasafai yake shafar kusoshi ko ƙarafan riƙo ba, galibinsa matsalar wayoyi ce, domin a babur marar garkuwa ƙoƙon da ke bayan fitilar gaba shi yakan zama matattarar wayoyin makulli da na sigina da na maɓallan hannu da na mitoci. Da zarar an cire ƙoƙon, dunƙulen wayoyin da aka yi domin ya zauna a rufe sai ya koma fili, inda ruwan damina da ƙurar hunturu ke samunsa.

Abin da ya kamata mai wayarin ya fara tantancewa shi ne inda garkuwar ke zama. Wata ana ɗaura ta a kan ƙafafun gaba, tana juyawa tare da kan babur, wata kuma a jikin firam take, wato ƙashin babur, ba ta motsi ko an karya kai dama ko hagu. A nau'i na biyu fitila ta bar ɓangaren da ke juyawa, amma maɓallanta suna nan a hannu, saboda haka dole wasu wayoyi su tsallaka wuyan babur, su riƙa lanƙwashewa a kowace kwana. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa, kuma abin mamaki masu son tsaftar aiki ne suka fi faɗawa cikinsa: sukan tattara wayoyin su ɗaure su tamau da zaren roba har babu abin da ke lilo, aikin ya yi kyan gani babur na tsaye, amma idan aka karya kai zuwa ƙarshe sai wayar ta miƙe kamar tsirkiyar baka. Silillan tagulla da ke ciki suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya alhali robar waje lafiyarta ƙalau, alamarsa kuma ita ce fitila ta ɗauke a tsakiyar kwana ta dawo da an miƙe hanya, wanda ba ƙaramin haɗari ba ne da dare. Ƙa'idar ita ce a kafe dunƙulen a wuri biyu, ɗaya a firam ɗaya a ɓangaren da ke juyawa, a bar masa sassauci mai lanƙwasa a tsakani, kusa da wuyan gwargwadon hali, tun da a nan motsi ya fi ƙanƙanta. Zaren ɗauri kuma kada ya nutse cikin robar waya, kada a haɗa wayoyi da kebul ɗin totur ko na kuloci ko tiyon birki a ɗauri ɗaya, sannan duk hudar da waya za ta ratsa a jikin ƙarfe a sa mata zoben roba.

Akwai wayar da ake rainawa, ita ce wadda wuta ke bi ta koma batir. Wasu sukan ɗaura ta a kowane ƙarfe da ya fi kusa, ko da a ƙafafun gaba ne, wanda ke nufin wutar sai ta ratsa boris ɗin wuya da giris ɗinsa kafin ta isa firam. Hasken yakan yi rauni, tartsatsin da ke tashi a ciki kuma yana iya cin fuskar boris ɗin. Daidai shi ne a ja mata waya mai kauri irin na wayar da ke kawo wuta, zuwa tsaftataccen ƙarfen firam ko zuwa batir kai tsaye.

Game da haɗi, murɗe silillai biyu a naɗe da salatif, wanda ya zama ruwan dare a garejojinmu, ba ya jure zafin fitila, domin gam ɗin yana narkewa ya bar haɗin a buɗe. Liƙi da dalma ya fi shi, sai dai dalmar tana bin cikin silillai ta sandarar da su, a wurin da ke girgiza kuma wayar takan karye daidai inda taurin ya ƙare. Abin da ya fi aminci shi ne bakin ƙarfe da aka matse da abin matsewa na musamman, a rufe shi da bututun roba mai tsukewa idan ya ji zafi, a kuma tara duk wayoyin garkuwar a filogi ɗaya mai hana ruwa, yadda ranar da za a cire ta ba sai an yanka komai ba. A bar wayar ta ɗan sauka ƙasa da filogin kafin ta hau cikinsa, domin ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a can. Launi kuma ba abin dogaro ba ne tsakanin kamfanoni: a Honda koriyar waya ce ta komawa, shuɗiya ta hasken nesa, fara ta hasken kusa, amma a Yamaha koriyar ita ce ta hasken kusa, baƙa ce ta komawa. Shi ya sa ake cire ƙafar batir ta ragi tukuna, a manna wa kowace waya alama kafin a zare ta, a kuma gwada ta da mitar auna wuta.

Ƙara tsawon waya yana da farashi. Ƙwan fitila nau'in H4 mai wat 60 a hasken nesa da 55 a na kusa yana jan kimanin amfiya 5 a volt 12, kuma idan siririyar waya da tsoffin maɓallai suka cinye kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wutar, hasken ƙwan halojin yakan ragu da kusan kashi 30. Maganinsa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa domin babbar wuta ta taho kai tsaye daga batir, tare da fis a kusa da batir ɗin. A lura dai cewa ƙananan babura da yawa fitilarsu daga kwayil ɗin inji take shan wuta mai sauya alkibla, ba daga batir ba, don haka rile ko ƙwan LED da aka jona ba tare da bincike ba yakan yi ƙyaftawa ko ya ƙone.

Kafin a ɗaure kusoshin ƙarshe, a tayar da injin, a kunna fitila da sigina, a karya kai a hankali zuwa ƙarshen dama da na hagu ana bin wayoyin da yatsa, a danna gaban babur domin a ga ko wani abu na gogar ƙafafun gaba. Idan ƙarar injin ta tashi da kanta, to an matse kebul ɗin totur. Daga nan a daidaita hasken kusa a jikin bango mahayi na zaune a kai, ta yadda a nisan mita 10 bakin hasken zai sauka kimanin santimita 10 ƙasa da tsayin tsakiyar fitilar.