Me Ya Hana Wata Faɗowa?

Ɗalibai, kowa ya san in mangwaro ya nuna, ƙasa yake faɗowa. To, me ya hana wata faɗowa? Amsar wannan tambaya ita ce dokar jan juna da ke tsakanin dukan abubuwa.

A 1609 Johannes Kepler, Bajamushe, ya nuna cewa duniyoyi suna kewaya rana a kan hanya mai siffar ƙwai, amma bai gano abin da ke riƙe da su ba. A 1665 annoba ta sa aka rufe Jami'ar Cambridge ta Ingila, sai Isaac Newton ya koma ƙauyensu. A can ya fara tunanin cewa ƙarfin da ke jawo 'ya'yan itace ƙasa shi ne ke riƙe da wata. Ashe wata ma faɗowa yake yi, sai dai gudun da yake yi a kaikaice ya sa yake ta kewaya duniya.

A 1687 ya buga dokar cikin littafinsa Principia. Kowane abu yana jan kowane abu. Jan yana ƙaruwa da nauyin abubuwan biyu, yana raguwa da nisa. In nisa ya ninka biyu, jan ya koma ɗaya cikin huɗu. In ya ninka uku, ɗaya cikin tara. Nisan wata daga tsakiyar duniya kamar ninki 60 ne na nisanmu daga tsakiyarta, saboda haka jan duniya a can ɗaya ne cikin 3,600 na nan Illela.

Da wannan lissafi aka gano duniyar Neptune a 1846: an nuna wurinta a takarda kafin a hango ta. A 1915 Albert Einstein ya zurfafa bayanin, ya ce rana tana lanƙwasa hasken taurari. An gwada maganarsa lokacin husufin rana na 1919 a tsibirin Principe, kudu da gaɓar Nijeriya, ta tabbata. Haka kuma husufin 29 ga Maris 2006, wanda ya duhunta Gusau da Katsina da hantsi, masana sun faɗi ranarsa da sa'arsa tun shekaru kafin ya auku.

Ga aiki: tauraron ɗan Adam yana nisa ninki huɗu na nisanmu daga tsakiyar duniya. Jan duniya a kansa ya koma ɗaya cikin nawa?