Ɗana, Buɗe Littafin da Kanka

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, zauna mu yi magana kan wannan darasi na Adabin Turanci da ka ɗauka a ajin ƙarshe na sakandare, domin na ga alamar jingar da malaminku yake ba ku ta fara yi maka nauyi, har ka koma neman ƙananan littattafan nan na taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta, da amsoshin da abokanka suke turo maka ta waya. Ban zarge ka ba, Turancin tsofaffin littattafai yana da wuyar sha'ani, kuma lokaci kaɗan ne. Amma ka yi haƙuri ka saurare ni.

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana raba jarrabawar wannan darasi gida uku: takarda ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi, ta biyu rubutun zube, ta uku kuma wasan kwaikwayo da waƙa. A cikin ta farkon akwai wani guntun zube da wata waƙa waɗanda ba ka taɓa gani ba, za a ajiye maka su a ce ka faɗi jigonsu da salonsu, sannan a ɗebo maganganu daga wasan Shakespeare a tambaye ka wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, kuma a wane hali. A wannan wurin babu taƙaitawar da za ta cece ka, saboda haka duk jingar da malami ya ba ka yau, horo ne na ranar da za ka zauna kai kaɗai da biro.

Bari in nuna maka da littattafan da yayyenka suka karanta a jerin WAEC na 2021 zuwa 2025, domin ko da naku sun bambanta, aikin iri ɗaya ne. Akwai wasan Wole Soyinka mai suna The Lion and the Jewel. Mai taƙaitawa zai ce maka labarin karo ne tsakanin al'ada da zamani, Baroka tsohon basaraken Ilujinle ya auri Sidi, Lakunle malamin makaranta ya rasa, shi ke nan. Kowane yaro a ajinku zai rubuta haka, kuma mai duba takarda ya gaji da ganinsa. Amma wanda ya karanta da idonsa zai lura cewa Lakunle ya ƙi biyan sadakin Sidi yana kiran abin ƙauyanci, ita kuwa ta dage domin kada mutanen gari su yi zaton ba ta kai mutuncinta ba, kuma kai da ka tashi a cikinmu ka san nauyin wannan magana fiye da ɗalibin Landan. Zai lura kuma cewa Baroka ya faɗa wa uwargidansa Sadiku ƙaryar cewa ƙarfinsa ya ƙare ne domin ya san bakinta ba ya riƙe magana, saboda haka tsohon nan ya fi malamin boko sanin halin mutane. Idan ka kawo irin waɗannan a jingarka, ka ce ga abin da na fahimta, ga kuma wurin da na gan shi a littafi, to ka yi aikin da ake nema.

Haka yake da Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847. Yara da yawa sukan ruɗe saboda Catherine biyu ne a ciki, uwa da ƴa, su haɗa su wuri ɗaya su zubar da maki a banza. Ɗauki takarda ka zana gidajen nan biyu, na Earnshaw da na Linton, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, ka liƙa a bangon littafinka. Sannan ka tambayi kanka daga bakin wa kake jin labarin, domin mafi yawansa Nelly Dean ce, mai aikin gidan, take ba wa Lockwood, baƙo ɗan haya, ita kuma tana da waɗanda take so da waɗanda ba ta so. Ka san yadda rigimar gida take sauya kama idan ka ji ta daga bakin kishiya, to haka za ka saurari Nelly, da kunnen basira.

Game da kwafe kuwa, ɗana, abin da yake damuna ya wuce maki. Yaron da ya saba miƙa aikin wani da sunansa yana koya wa zuciyarsa cewa hakan ba komai ba ne, kuma hali idan ya zauna ba ya tsayawa a aji, yakan bi mutum har wurin aikinsa. Ka ce mini lauya kake son zama, kuma ka san ba a ɗaukar mutum karatun lauya a jami'o'inmu sai da kiredit a wannan darasi. Ba don ado aka sa sharaɗin ba, domin aikin lauya shi ne karanta doguwar takarda da haƙuri, ya gane abin da aka faɗa da abin da aka ɓoye, ya kafa hujja a kai.

Saboda haka ka ware lokaci bayan sallar asuba, kafin gida ya cika da hayaniya, ka karanta shafi goma da ƙamus a gefenka da fensir a hannunka, kana ja wa abin da ya tsaya maka layi. Wasan Shakespeare kuma ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba taurarin ku karanta da murya, domin don a ji aka rubuta shi. Kada ka bar jinga sai daren da za a karɓa. Rubuta ta, ka bar ta ta kwana, ka sake dubawa da safe. In malam ya dawo maka da ita cike da jan biro, kada ka naɗe ta ka cusa a jaka cikin fushi. Ka same shi bayan an tashi, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙe shi ya nuna maka sakin layi ɗaya da ya fi rauni, ka je ka sake rubuta shi ka kawo masa kafin mako ya fita.