Yadda Ake Bin Kayan Gwari Daga Ikara, Makarfi da Kudan Zuwa Legas

Daga watan Janairu zuwa Maris, duk wanda ya ratsa fadamun Ikara, Makarfi da Hunkuyi zai ga kwandunan tumatur da buhunan tattasai da attaruhu jibge a bakin hanya suna jiran mota. Kayan sun fi ƙarfin kasuwannin gida. Kamfanin tumatur na Ikara da aka kafa a 1981 ya sha tsayawa da tashi, ko yana aiki ma ba zai shanye abin da yankin ke nomawa ba. Masu ci suna Kudu, da yawansu a Legas, birnin bakin teku da gwamnatinsa ke cewa mutanensa sun haura miliyan 20, kullum kuma ƙaruwa suke yi. Shi ya sa matasanmu ke son su daina sayarwa a bakin gona, su bi kayansu har Ikko. Niyya ce mai kyau, ga yadda ake cika ta ba tare da an dawo gida da bashi ba.

Da farko, ka je hannu rabbana. Tafiyarka ta farko ta kallo ce, kada ka ɗauki ko kwando ɗaya. Ka nemi wani ɗan garinku da ya daɗe a kasuwar Mile 12, wadda ke kan titin Ikorodu kusa da Ketu, inda yawancin kayan gwarin Arewa da ake kaiwa Legas ke sauka. Ka bi shi ka yi mako ɗaya ko biyu kana tsaye a bayansa. A nan za ka zaɓi dillalinka, kuma wannan zaɓin ya fi zaɓin iri da taki muhimmanci. Dillali shi ke karɓar kaya, shi ya san matan Yarbawa masu sari, shi ya san wadda ke biya nan take da wadda sai an bi ta. Ka tambayi mutum uku da suka taɓa aiko masa kaya: yana faɗin ainihin kuɗin da aka sayar? Yana turo kuɗi a ranar ko sai an yi ta kiran waya? Ku yanke la'adarsa tun kafin kaya su taso, a gaban shaidu. Kunya a wannan wurin asara ce.

Kafin ka bar gida ka tanadi lambar NIN da katin shaida, da asusun banki mai sunanka, da wayar da ke karɓar alat. Idan zama za ka yi, ka yi rajista da hukumar LASRRA mai ba mazauna Legas kati. Ranar da jami'an tsaro suka tare ka da dare za ka gane amfaninsu.

Sai ɗiban kaya, kuma a nan ake cin riba ko a faɗi tun mota ba ta tashi ba. Tumaturin da za a ci a Zariya daban, wanda zai je Legas daban. Na Legas ana tsinkarsa ya fara juyawa, ja-ja da ɗan kore a gindi, domin zai ƙarasa nuna a hanya. Wanda ya yi jajur a gona ruwa zai zama kafin Ilori. Iri mai tauri kamar UTC ya fi jure tafiya. A tsinka da sanyin safiya ko da la'asar, a ajiye a inuwa, a zauna a tsince: mai tsaga, mai huda ta tsutsa, mai taushi, duk a ware su don kasuwar gida ko a yanka a shanya. Ɗaya mai ruɓa a tsakiyar kwando ya isa ya jiƙa na kewayensa. Kada a yi wa kwando tozo don a burge mai saye, nauyin na sama ne ke matse na ƙasa. Idan kana da halin hayar kiret na roba, mai cin kusan kilo 25, ka yi. Kiret yana hawa kan ɗan'uwansa ba tare da ya danne kayan ba, iska na ratsa shi, kuma ba ya da tsinken da ke soke tumatur. Kuɗin hayarsa da na dawo da shi ne ke sa mutane ja da baya, amma wanda ya taɓa buɗe kwando a Mile 12 ya ga ruwa na tsiyaya ta ƙasa ya san inda kuɗin gaske ke zuba. Tattasai da attaruhu kuma a buhu mai iska ake zuba su, a bushe, ba raɓa a jikinsu.

Mai ƙaramin jari ba ya ɗaukar tirela shi kaɗai. Ku haɗu ku biyar ko goma, kowa ya sa alamar fenti a kwandunansa, a rubuta adadi a takarda biyu, ɗaya wurin direba, ɗaya a aika wa dillali hotonta ta waya. Hanya biyu ce: ta Kaduna, Birnin Gwari, Mokwa, Jebba, Ilori zuwa Ibadan, ko ta Abuja da Lokoja. Wadda za a bi, direbobin da suka dawo a makon za a tambaya, don tsaro da lafiyar titi suna canzawa. Tafiyar kwana biyu ce, in hanya ta yi gardama ta kai uku ko fiye. Ku yi magana a fili kan wanda zai biya kuɗin shingaye da harajin jihohi, da abin da za a yi in mota ta lalace. Ka duba tayoyin motar da idonka.

A kasuwa, ciniki na asuba ne. Farashi ba ya bin kyawun kayanka kaɗai, yana bin yawan motocin da suka kwana a layi. Don haka kafin ka tsinka ka kira ka ji abin da ya taso daga Kwanar Gafan, Danja da sauran wurare. In an yi ambaliyar kaya, gara ka jinkirta kwana biyu ko ka karkata Abuja. Da rana ta take, tumatur ya fara saki, masu saye sun sani, sai su ja baya su jira ka gaji. Wanda ya fashe ma yana da masu saye, masu gidajen abinci, kada ka zubar. Ka kuma tuna cewa safiyar Alhamis kasuwannin Legas na tsaftar muhalli, ba a fara ciniki da wuri. Ka riƙe ɗan littafi: kuɗin kwando, lodi, mota, sauke kaya, kuɗin ƙasa, 'yan dako, la'ada, abincinka. Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne riba. Da yawa suna jin kuɗin kwando a Legas su ruɗe, ba su cire komai ba.

Lokacin tsada yakan zo ne daga Mayu zuwa Yuli, sa'ad da noman rani ya ƙare na damina bai iso ba. Manomin da ya iya jan shukarsa zuwa wannan taƙin ya fi kowa dariya, in ya tsira daga tsutsar sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur.

Kuɗi kada su kwana a aljihunka. Ka sa a banki a ranar, kuma kada ka saki kaya don an nuna maka hoton taransifa a waya, sai ka ga kuɗin a asusunka.

Zama kuma sai an yi haƙuri. Sabon zuwa yakan fara da kwana a rumfa ko ɗakin haɗaka a Mile 12, Agege ko Idi-Araba, unguwannin da Hausawa suka daɗe a cikinsu, da masallatansu da sarakunansu. Ka je ka gaida Sarkin Hausawan unguwar da shugabannin sashenku na kasuwa, su san fuskarka tun babu matsala. In za ka kama ɗaki, ka je duba shi bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka kalli bango ka ga inda ruwa ya taɓa kaiwa. Damina a can doguwa ce, ruwan Yuni da Yuli yana cika unguwanni masu kwari. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma akwai kuɗin ejan da na yarjejeniya a kai, kuma kada ka biya kowa sai ka ga mai gidan ka karɓi rasit. Gidan sauro dole ne. Iskar can mai laima ce, barkono busasshe ko hatsin da zai shekara lafiya a Makarfi zai yi fumfuna cikin makonni in an jingina shi da bango ko an ajiye a ƙasa.

Kada ka sayar da gona ka sayi babur da niyyar acaɓa. Tun 1 ga Yunin 2022 aka hana shi a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa, a watan Satumba aka ƙara huɗu, har da Kosofe inda Mile 12 take. Baburan da aka kama murƙushe su ake yi. Don zirga-zirgarka akwai motocin BRT da ke bi ta Mile 12 da katin Cowry, akwai danfo, akwai kuma jirgin ƙasa na Red Line da ke tsayawa a Agege.

Ka koyi gaisuwa da ƙidaya da Yarbanci, ka girmama matan da ke sari, su ne kasuwar. Rikicin Mile 12 na Maris 2016, wanda ya ci rayuka ya sa aka rufe kasuwar kusan mako biyu, daga ƙaramar hatsaniya ya faro. Haka na Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021. In ka ga taro ya fara zafi, ka bar wurin, ka kai ƙara ga shugabanni.

Manyanmu na Ikara, Makarfi da Kudan da suka riga suka kafu a can, ku riƙe yaran da ke zuwa, ku nuna musu dillalan kirki. Ku kuma manoma, ku haɗa kuɗi a ƙungiyance ku sayi kiret tun kafin kakar bana ta kama.