Yadda Ake Kwatanta Hanyoyin Jeranta Furotin a Kwamfuta: Jagora ga Ɗalibin Zariya

In malaminka a Jami'ar Ahmadu Bello ya ba ka jingar kwatanta hanyoyin da kwamfuta ke bi wajen nazarin ƙwayoyin halitta, kada ka fara da abin da ba ka san amsarsa ba. Ɗauki wanda kowane gida a Birnin Zazzau ya san labarinsa: sikila. Tushenta harafi ɗaya ne da ya sauya a ƙwayar gadon HBB, GAG ya koma GTG, sai amino asid na shida a furotin ɗin jini ya canza.

Da farko shiga rumbun UniProt ka sauko da jeri biyu na wannan furotin ɗin jini a tsarin FASTA: P68871 na sarƙar beta, mai haruffa 147, da P69905 na sarƙar alfa, mai 142. Yi wannan tun kana Samaru da intanet a hannu, ka adana a filashi. Kada ka bari sai ka shigo Ƙofar Doka da magariba ka tarar an ɗauke wuta.

Hanyoyin da za ka gwada uku ne. Ta Needleman da Wunsch, ta 1970, tana jeranta furotin biyu daga kai har wutsiya. Ta Smith da Waterman, ta 1981, yankin da ya fi kama kawai take nema. Dukansu biyun suna nan kyauta a shafin cibiyar EBI ta Ingila, da sunan Needle da Water. Ta uku BLAST ce, ta 1990, wadda ke yanke hanya don sauri.

Kafin ka danna komai, daidaita ma'auni. Sa BLOSUM62 a duka ukun, ka rubuta tarar giɓi: Needle da Water suna cin 10 a buɗe giɓi da 0.5 a tsawaita shi, BLAST kuwa 11 da 1. Wanda ya auna gero da tiya biyu mabambanta ba shi da bakin cewa buhun wane ya fi cika.

Gwajin farko, kwafi jerin beta, ka mayar da E da ke matsayi na shida zuwa V, ba tare da ƙirga M ta farko ba. Ka ƙera sikila ke nan da hannunka. Jeranta shi da na asali. Kowace hanya dole ta nuna bambanci guda tak. A gwaji na biyu, ka haɗa alfa da beta, nan ma sakamakon zai zo kusa da juna.

Inda maki yake shi ne gwaji na uku. Yanko haruffa 40 daga tsakiyar beta, ka jeranta su da cikakkiyar sarƙar. Water zai ce kamanni kashi 100, Needle ya ce wajen kashi 27. Ɗalibai da yawa a nan suke rubuta cewa Needle ya yi kuskure. Bai yi ba. Shi ya raba 40 da 147 ne, Water kuwa 40 da 40. Bayyana wannan da kalmominka, domin shi malam yake son ya gani.

A BLAST, rubuta ranar da ka yi bincike da sunan rumbun, saboda ƙimar E da BLAST ke ba kowane sakamako tana sauyawa da girman rumbu. Batun sauri kuma, kada ka auna shi da agogon wayarka a shafin intanet. Layin jira da ƙarfin sabis kake aunawa.

Zuba komai a teburi ɗaya: hanya, ma'auni, tsawon jeri, kaso, yawan giɓi. A ƙarƙashinsa faɗi wadda ta dace da wane aiki, ba wadda ta fi kowacce ba. Kafin ka miƙa, ba wani ɗan ajinku teburin ya maimaita gwajin. In lambobinsa ba su zo daidai da naka ba, akwai abin da ba ka rubuta ba.