Ku Adana Asali Kafin Ku Taɓa Ma'auni

Yarana, na ga yadda kuke ta murna da wannan dabara ta buɗe kilam mita a canza abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta. Ban zo hana ku ba. Yaron da ke son sanin abin da ke cikin kayan aikinsa ya fi mini wanda ya tsaya ga murɗa maɓalli kawai. Sai dai ku ara mini kunne kaɗan, domin abin da kuke shirin taɓawa ma'auni ne.

Mu ɗauki UT210E ta kamfanin Uni-T na ƙasar Sin, wadda yawancinku ke riƙewa saboda sauƙin kuɗinta. Tana auna wuta har amfiya 100, ta AC da ta DC, ba tare da an yanke waya ba. Shi ya sa masu haɗa sola da masu wayarin mota suke ƙaunarta. A cikinta akwai babban aisi mai suna DTM0660, wanda shi ke yin lissafi. Kusa da shi kuma akwai wani ɗan ƙarami mai ƙafa takwas, 24C02, wanda bai wuce bayit 256 ba. Duk sanda aka kunna mitar, babban yakan leƙa wurin ƙaramin ya karanta umarni: iyakar ƙidaya nawa, yaushe za a kashe fitila, da wane awo za a fara.

Daga masana'anta an tsayar da ƙidayar a 2000, alhali babban aisin yana iya kai 6000. Ga amfanin hakan a aikace: in ka ɗora ta a kan batirin inbata mai bolt 24, za ta nuna maka 24.3. In aka ɗaga ƙidayar, sai ka ga 24.35. Wanda ke bin lafiyar batir ya san darajar wannan lamba ta ƙarshe. Haka nan mitar takan tashi a AC, sai ka danna kafin ta koma DC. Fitilarta takan mutu bayan daƙiƙa 15, ita kanta ta kashe kanta bayan minti 15. Duk waɗannan lambobi ne a rubuce, ana iya gyara su da ɗan furogirama CH341A ko da Arduino.

To, ga inda nake so ku natsu. A cikin wannan ɗan guntu, ba umarni kaɗai aka ajiye ba. A nan ne saitin awon mitar yake. Kowace mita an gwada ta ita kaɗai a masana'anta, aka auna karkatarta, aka rubuta mata lambobin da za su miƙe ta. Lambobin taka ba su ne na ta abokinka ba, ko da rana ɗaya kuka saya a shago ɗaya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Akwai wani almajirina mai hazaƙa da ya karɓi fayil daga abokinsa, ya zuba shi gaba ɗaya a mitarsa ba tare da ya kwafi nasa ba. Mita ta tashi, ƙidaya ta ƙaru, fuska ta cika da lambobi. Sai da muka jera ta da tawa a kan batir guda muka ga ta kauce. Da ma mutuwa ta yi, da abin ya zo da sauƙi, don matacciyar mita ba ta yaudarar kowa. Wannan kuwa tana magana da ƙarfin gwiwa alhali ba gaskiya take faɗa ba, kuma babu hanyar komawa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, ɗana, kafin ka rubuta ko bayit ɗaya, ka karanta abin da ke ciki. Ka sake karantawa, ka gwada na farko da na biyu. In sun saɓa, maƙalin furogiramarka bai kama ƙafafun ƙaramin aisin da kyau ba, ko babban aisin yana sa baki a kan layin. Idan sun yi daidai, ka ajiye kwafi a kwamfuta, wani a filas, ka rubuta lambar mitar a jikin sunan fayil ɗin. Sannan ka canza abu ɗaya tak, ka kunna, ka gwada, kafin ka taɓa na biyu. Ka duba rubutun da ke kan babban aisin, domin wasu sabbin fitowa DM1106EN ne a ciki. Ka auna wutar da furogiramar ke bayarwa, don mitar da ƙananan batura biyu take aiki, bolt 3 ke nan. Kuma kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka zare wayoyin awo daga jikinta.

Wani abu kuma: ƙarin lamba a fuska ba ƙarin gaskiya ba ne. Ka ga abu dalla-dalla daban, ka gan shi daidai daban. Ƙarfen bakin mitar yana nan yadda yake, kariyarta ta ciki ba ta ƙaru ba, iyakar bolt 600 da aka rubuta a jikinta ba ta matsa ko kaɗan ba. Wuta ba ta san ka gyara ƙwaƙwalwa ba.

Mu masu wannan sana'a, mita ce mudunmu. Da ita kake ce wa mai gida batirinsa ya mutu ya sayi sabo, da ita kake ce wa yaronka waya ba wuta ya kama. Kun san abin da addini ya ce game da tauye mudu, kuma wanda ya lalata mudunsa da ganganci bai kuɓuta ba don bai yi niyya ba. In ka gama gyara, ka jera ta da mitar da ka amince da ita. In za ka sayar ko ka ba da aro, ka faɗa cewa an taɓa cikinta.

Ku buɗe, ku koya, ku wuce mu. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare hannuwanku.