Leburorin Ƙarƙashin Ƙasa a Littafin Wells

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: shin ƙagaggun labaran kimiyya sun taɓa taɓo batun gurguzu?

Ƙwarai kuwa, malam. A 1895 H.G. Wells na Ingila, mai ra'ayin gurguzu, ya wallafa The Time Machine. Jarumin littafin ya je shekara ta 802,701, ya tarar 'yan Adam sun rabu gida biyu. Jikokin attajirai na shan iska a sama, jikokin leburorin masana'antu kuwa na ƙarƙashin ƙasa da injuna, in dare ya yi su fito su cinye na saman.

Wells ganau ne. Mahaifiyarsa aikatau ta yi a gidan masu hannu da shuni, inda barori, abin tausayi, ke bin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa.